Hutun Wanzamin Sarki

An ce wani sarki ya yi zamani a wata ƙasa mai yawan rijiyoyi da kasuwanni, mutane kuwa sun shaide shi da abu biyu: ba ya cin haƙƙin talaka da saninsa, ba ya kuma son a yi masa ƙarya ko da ta wasa ce. Wata rana ya yi manyan baƙi daga nesa, aka nemi mai dafa abincin fada, aka ce ya tafi jana'izar kakarsa. Aka nemi mai ɗebo ruwa, aka ce yana kwance da ciwon ciki. Baƙi suka wuni da yunwa, sarki ya ji kunyar da bai taɓa ji ba. Da ya sa aka bincika, sai aka tarar sau uku ke nan mai dafa abincin yana binne kakar nan guda ɗaya, ita kuwa tsohuwa tana can ƙauye da ranta tana kaɗin audugarta. Mai ciwon ciki kuma an gan shi a filin dambe, ya fi kowa ihu.

Sarki ya fusata, ya kira waziri ya ce a yi doka. Waziri mutum ne mai kaifin alƙalami da son a ce ya iya, kafin la'asar ya gama tsara ta. Dokar ta ce duk ma'aikacin fada da ke son barin aikinsa, ko na yini ɗaya ne, sai ya kawo wanda zai tsaya masa, ya yi aikin daidai yadda yake yi ba ragi. Wanda ya tafi ba haka ba, ya bar aiki ke nan, ya kuma kwashe kayansa daga gidan da fada ta ba shi. Aka yi shela, fadawa suka ce ba a taɓa yin doka mai hikima irin wannan ba. Su fadawa ko sarki tari ya yi cewa za su yi akwai hikima a ciki.

A cikin ma'aikatan akwai wanzamin sarki, ana ce masa Jatau. Shekara goma sha tara yana aske kan sarki, bai taɓa ko ƙwarzanarsa ba. Sarki kuwa ba ya jure tsiron gashi a ƙarƙashin rawani, duk bayan kwana biyu sai an aske shi, kuma duk faɗin ƙasar babu wanda yake yarda ya miƙa wa wuyansa sai Jatau. Ran da aka yi shela Jatau bai damu ba, don bai taɓa neman zuwa ko'ina ba. Har cewa ya yi gara da aka yi wa malalata haka.

Jatau na da mata ɗaya, Lantana, shekararsu goma sha ɗaya da aure ba haihuwa. Shi ne ke yi wa jariran gari askin suna, ya ɗauki ɗan wani a cinya, ya aske shi, ya yi addu'a, ya miƙa wa masu shi, ya rataya zabirarsa ya koma gida shiru. Abin yana cin ransa, amma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Cikin zabirar nan akwai wata 'yar aska da ya gada, wadda da ita ubansa ya yi masa askin suna, da ita kuma kakansa ya yi wa ubansa. A gidansu uba ne ke fara taɓa gashin ɗansa da ita. Duk Juma'a sai ya fito da ita ya wasa ya mayar, bai taɓa ɗora ta a kan kowa ba.

Da Allah ya nufa, Lantana ta sami ciki. Da ya tsufa, ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Gangaren Kanya, tafiyar kwana uku a ƙafa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani mai jakunan kanwa ya tsaya a ƙofar gidan Jatau ya ce, "Kai ne wanzamin sarki? Albishirinka. Matarka ta sauka lafiya ran Talata, an sami 'ya mace. Surukinka ya ce a faɗa maka suna Talata mai zuwa."

Jatau ya zauna daɓas a bakin ƙofa, hawaye na zuba yana dariya. Da ya natsu ya lissafa kwanaki: Asabar, Lahadi, Litinin. In ya bugi hanya da asubar Asabar, zai isa daidai. Ya saka riga ya nufi gidan waziri.

Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, an yi mini haihuwa. Ina neman iznin kwana goma in je suna."

Waziri ya ce, "Kai, madalla! Allah ya raya. Bayan shekaru nawa? To, sai ka kawo wanda zai tsaya maka, ka tafi abinka."

"Ranka ya daɗe, ai ka san sarki ba ya yarda da hannun kowa."

"Na sani, Jatau, kuma wallahi na tausaya maka. Amma ni na rubuta dokar nan. In ni na fara karya ta, wa zai bi ta gobe? Kuma ka sani, in ka tafi haka nan, jaririyar za ta dawo ta tarar ba ku da gida."

Mai jin labarin nan zai ce, mutumin da ke riƙe kan sarki duk bayan kwana biyu, me ya hana shi roƙon sarkin da bakinsa? Abin da ya hana shi tarbiyyar gidansu ce. Tun yana koyo ubansa ya gargaɗe shi cewa kada ya kuskura ya nemi alfarma a wurin mutum alhali askarsa na kan wuyan mutumin, don wanda ya ce to a wannan hali ba a san ko don Allah ya faɗa ko don tsoro ba. Jatau kuwa ba ya ganin sarki sai da aska a hannu. Shekara goma sha tara bai taɓa roƙonsa ko goro ba.

Ran Asabar, maimakon ya kasance a hanya, sai ya wuni yana zaga rumfunan wanzamai. Na farko ya ce ai hannunsa ya kwana biyu yana ciwo, alhali ƙaho yake kafa wa wani a lokacin. Na biyu ya ce, "Kan sarki? Haba Jatau, ina da 'ya'ya ƙanana. In ya yi atishawa aska ta zame, wa zai riƙe mini su?" Wani ya ce to, bari ya shiga gida ya ɗauko zabira, ya shiga bai sake fitowa ba, ƙarshe matarsa ta leƙo ta ce ba ya nan. Kafin la'asar Jatau ya gama gari, ƙafafunsa sun yi futu-futu, kwana ɗaya kuma ya tafi a banza.

Ya je masallaci ya yi salla, ya zauna jikin bango ya haɗa kai da gwiwa. A masallacin akwai wani tsoho, Shekarau, wanda aikinsa cika randunan alwala. Mutane na wuce shi kullum ba su ko dube shi ba, amma Jatau yakan aske shi duk wata bai karɓi komai ba. Tsohon ya ajiye tulu ya ce, "Ɗana, yau fuskarka ba ta mai jego ba ce, ga shi na ji an yi maka haihuwa."

Jatau ya kwashe labari duka ya faɗa masa, har da zancen 'yar askar gado. Ya ce, "Baba, na aske 'ya'yan mutane sun fi dubu. Tawa guda ɗaya, wani ne zai aske ta ina nan."

Tsoho ya ce, "Yaushe ne askin sarki?"

"Gobe da hantsi."

"To, ka sami mai tsaya maka. Ni zan je."

Jatau ya dubi hannuwan tsohon, suna rawa ko ba ya riƙe da komai. Ya ce, "Baba, ba lokacin wasa ba ne."

Tsoho ya ce, "Doka ta ce ka kawo mutum. Ni ba mutum ba ne? Ka kai ni gabansa, ka bar zabirarka a rufe, sauran magana tawa ce."

Da hantsin Lahadi sarki ya zauna a zauren da ake yi masa aski, ya tuɓe rawani, waziri na gefe. Jatau ya shigo, tsoho na biye da shi yana dogara sanda. Suka faɗi suka yi gaisuwa. Jatau ya ajiye zabira can nesa da shi, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ina neman iznin tafiya, ga wanda zai tsaya mini."

Sarki ya dubi tsoho sama da ƙasa ya ce, "Dattijo, kai wanzami ne?"

Tsoho ya ce, "Ya sarki, ban taɓa riƙe aska ba. Amma shekara saba'in ana yi mini aski, na ga yadda ake yi."

Sarki ya yi dariya ya ce, "Da wannan hannun mai rawa? Kunnena za ka fara cirewa ko hancina?"

"Ya sarki, wanda ya fi kusa. Amma kada ka raina ni, duk garin nan ni kaɗai na yarda in zo. Gwanaye sun gudu don suna tsoronka, kai kuma ko sun zo ba za ka karɓe su ba don kana tsoron askarsu. In ka ba ni izni, zan yi tambaya irin ta jahili."

"Tambayi."

"In mai sharar bargarka yana son tafiya, mutum nawa za su iya tsaya masa?"

"Duk mai hannu biyu."

"Mai tsaron ƙofa fa?"

"Ba za a rasa goma ba."

"Jatau fa?"

Sarki ya ce, "Babu ko ɗaya, ko a ƙasar nan ko a maƙwabta." Ya faɗi haka da alfahari, kamar mai yabon dokinsa.

Tsoho ya ce, "Ashe dokarka ta saki wanda aikinsa kowa ya iya, ta ɗaure wanda ka fi amincewa da shi. Da Jatau ya riƙa yankarka sau ɗaya a wata, da tuni ka saba da hannun wani, da yau yana kan hanya. Laifinsa ɗaya, ya yi maka aiki da kyau."

Fuskar sarki ta canja. Jatau ya ce a ransa shi ke nan, ga rashin suna ga rashin gida. Sarki ya ce, "Dattijo, bakinka ya fi hannunka kaifi. Amma aikin fada ba ya jira. Na yi dokar nan ne don an kunyata ni gaban baƙi, kuma ba zan warware ta don mutum ɗaya ba."

Tsoho ya ce, "Gaskiya ne, ya sarki, an yi maka ƙarya, kuma mai ƙarya ya cancanci horo. Saura tambaya ɗaya in koma ga randunana. Na ji duk shekara bayan kaka kana fita gandunka na bakin kogi ka yi kwana goma, ba shari'a ba fadanci. Me kake zuwa yi?"

"In huta. Kan da ya shekara yana ɗauke da ƙasa, in bai huta ba hukuncinsa karkacewa yake yi."

"Madalla. Wa ke tsaya maka?"

"Waziri."

"Yana yin sarauta daidai yadda kake yi, ba ragi?"

Nan waziri ya fara gyara zama, ya dubi rufin zaure kamar yau ya fara ganinsa. In aka ce e, ya zama mai haƙon gadon sarauta. In aka ce a'a, dokar da ya rubuta ta kama ubangidansa. Sarki ya harare shi ya ce, "Da ya iya kamar ni, da ba ya zaune kusa da ni haka."

Tsoho ya ce, "Ashe kai ma, ya sarki, kana tafiya ba ka kawo kamarka ba. Bisa dokarka, tuni ya kamata ka kwashe kayanka daga gidan nan. Amma ka tafi ka dawo, kasuwa na ci, rijiyoyi ba su ƙafe ba, wasu ƙararraki sun jira ka, ba wanda ya mutu don jira. Ƙasa guda ta jure kwana goma ba kai. Kanka ne ba zai jure kwana goma ba Jatau?"

Jatau ya runtse ido yana jiran a kira dogarai. Sarki ya ɗaga hannu ya shafa kansa, ya ji ɗan tsiron kwana biyu, ya daɗe yana shafawa. Can sai ya juyo ya ce, "Jatau, ina za ka?"

Sai a lokacin Jatau ya gane ba wanda ya taɓa faɗa wa sarki dalili. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, an haifa mini 'ya. Ita ce ta fari, bayan shekara goma sha ɗaya. Jibi suna, can Gangaren Kanya, garin surukaina."

Sarki ya ce, "Kai ka aske 'ya'yana tara ranar sunansu, ina tsaye a kanka kowane ɗaya. Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ba na ganinka sai da aska a hannu, ranka ya daɗe. Ubana kuwa ya hana ni roƙon mutum a wannan hali."

Sarki ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi fiye da ta ranar baƙi. Ya ce, "Na yi doka don maƙaryata biyu, ta zo ta faɗa kan mai gaskiya. Garin nan kwana nawa ne?"

"Uku a ƙafa. Biyu suka rage."

Sarki ya ce a fito da taguwar manzanninsa, wadda ke cin tafiyar kwana uku a yini ɗaya da rabi, a ɗora Jatau. Jatau ya jawo zabira ya ce bari ya aske shi tukuna. Sarki ya mayar da rawaninsa ya ce, "Tashi ka tafi. Kan nan zai jira."

Jatau bai taɓa hawan raƙumi ba, kuma an ce har ya tsufa ba ya son a tuna masa da yadda ya yi tafiyar nan. Ya rungume sirdi yana salati, duk wanda ya wuce a hanya sai ya tsaya kallo. Ya ɓata hanya sau ɗaya, ya faɗo sau biyu. Amma da sanyin safiyar Talata, rana ta ɗan ɗaga, sai ga shi a Gangaren Kanya. Maza sun cika ƙofar gida, liman ya zauna, goro na cikin faifai ba a raba ba, don surukinsa ya yi ta ja da mutane yana cewa a ƙara jira kaɗan. Wanzamin ƙauye har ya jiƙa sabulunsa.

Jatau ya sauko, ya raɗa wa liman suna, aka yi addu'a aka shafa, aka ce yarinya ta ci sunan Ramatu. Aka miƙo masa ita cikin zane. Ya ɗora ta a cinya yadda ya ɗora dubu kafin ita, ya buɗe zabira ya zaro 'yar askar gado. A ranar ne kaɗai aka taɓa ganin hannun Jatau ya yi rawa. Ya dakata, ya share ido da hannun riga, ya yi bisimilla, ya aske ta tas bai tashe ta daga barci ba. Lantana na leƙe daga bayan zana, tana kuka tana murmushi.

Da kwana goma suka cika ya komo, ya tarar gari ya ɗauka da zancen sabuwar doka. Sarki ya tsare tsoho Shekarau yini uku suna tsara ta da waziri. An yanke wa mai haihuwa kwanakinsa, da wanda aka yi wa rasuwa, mara lafiya kuma sai ya warke, aikinsa da gidansa na jiransa. Neman mai tsayawa ya koma wuyan fada, ba wuyan mai tafiya ba. Wanda aka kama da ƙarya shi kaɗai za a hora. Tsoho ya ƙara roƙon abu ɗaya, cewa bayan kaka a ba kowa 'yan kwanaki ya huta ba tare da an tambaye shi dalili ba. Waziri ya ce wannan kuma na mene ne? Tsoho ya ce don a bar kakannin mutane su mutu sau ɗaya. Da aka gama, sarki ya ce ya zauna a fada, ya ce a'a, randuna sun yi kwana uku ba mai cika su kamar shi.

Jatau ya shiga zauren aski. Sarki ya tuɓe rawani, sai ga gashi ya yi cunkus, rabinsa furfura, wadda ko shi sarkin bai san yana da ita ba. Jatau ya danne dariya da ƙyar. Sarki ya ce, "Yi dariyarka, waziri ma ya yi tasa a ɓoye. Kwana uku na farko na yi ƙaiƙayi kamar in yi hauka, na yi ta sa a duba hanya ko ka taho. Daga nan sai na riƙa cewa, ni ƙaiƙayi kawai nake ji, shi kuwa da na hana shi, abin da zai ji har kabarinsa ne. Yaya Ramatu?"

"Tana lafiya, ranka ya daɗe. Kanta ya fi naka sauƙin aski."

Sarki ya yi dariya har da ƙwalla, ya miƙa wuyansa. Kafin Jatau ya buɗe zabira, sarki ya juya ga waziri ya ce, "Rubuta wannan a saman dokar, don wanda zai zo bayana: mai mulki ya fara gwada doka a jikinsa. In shi ba zai iya zama a ƙarƙashinta ba, ba adalci ba ce, igiya ce."